Abin kallo a kasuwar garin da ka baƙunta: ina yake ɓuya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Aiki yakan kai ni manyan birane a ƙasashe dabam-dabam, kuma nakan sami yini guda ko rabin yini na kaina. Kowa sai ya ce in je babbar kasuwar garin. In na je sai in zagaya, in sayi tsaraba, in ɗauki hoto, in fito. Daga baya in ji wani yana ba da labarin abubuwan ban mamaki da ya gani a wurin, ni kuwa ko ɗaya ban gani ba. Yaya ake gano irin waɗannan abubuwa, kuma waɗanne ne suka cancanci a ba su lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ke faruwa da kai shi ke faruwa da yawancin baƙi, kuma ba laifin idonka ba ne. An tsara kasuwa ne don ta ja idon mai saye zuwa kan haja, wato tsakanin ƙugu da kafaɗa, inda aka jera kaya. Wanda ya bi babban layi yana kallon abin da aka shimfiɗa masa, da tsaraba kawai zai fito. Abubuwan da kake tambaya a kansu kusan duk suna wani wurin: a jikin bango, a ƙarƙashin ƙafa, a saman kai, a bakin ƙofa, ko a lungun baya inda ake sauke kaya.

Na daɗe ina bin tarihin kasuwanni, kuma abu guda nake so ka riƙe: banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk abin da ka gani a gefen kasuwa ya yi maka kama da shirme ko almara, akwai buƙatar da ta haife shi, ko awo, ko bashi, ko hukunci, ko jiran layi, ko ƙarancin fili. In ka san irin matsalolin da kowace kasuwa ta yi fama da su, za ka san inda za ka duba tun kafin a nuna maka. Za ka kuma iya bambance abin da ya tsiro da kansa da wanda aka ƙera jiya don a karɓi kuɗin baƙo.

Bari in fara da kasuwar Pike Place ta birnin Seattle a Amurka, don ta tara irin waɗannan abubuwa da yawa a wuri ɗaya, kuma tarihinta bai yi nisan da zai ɓace ba. An buɗe ta ranar 17 ga Agusta, 1907, bayan mutanen gari sun koka da yadda dillalai ke tsawwala farashin kayan gona, musamman albasa, sai hukumar birni ta ware wurin da manomi zai sayar wa mai ci hannu da hannu. A kan gangaren tudu aka gina ta, tana kallon teku, shi ya sa abin da ake gani daga titi hawa ɗaya ne kawai, sauran suna ƙasa. Mafi yawan baƙi ba sa sauka. A can ƙasan ne ake samun shagon kayan rufa-ido, da masu tsofaffin mujallu da hotuna, da wani ɗan wurin kallo da ake jefa sulalla a leƙa ta rami a ga takalma masu girman ban mamaki.

A lungun Post Alley, ƙasa da babbar mashigar kasuwar, akwai bangon cingam. Bangon bulo ne, hagu da dama, an lulluɓe shi da cingam ɗin da aka tauna, launi-launi, wani an ja shi ya yi zare yana reto daga taga, wani an rubuta suna da shi. In rana ta yi zafi har wani ƙamshi mai hawa kai yake tashi. Asalinsa jira ne. Akwai ƙaramin gidan wasan kwaikwayo a lungun, kuma a farkon shekarun 1990 masu tsayuwa a layin tikiti suka fara manna cingam a bango, wasu su liƙa kwabo a kai. Ma'aikatan gidan suka kankare, aka sake, suka kankare, aka sake, har suka haƙura. A Nuwamban 2015 hukumar kasuwar ta sa aka wanke shi tas da tururi, saboda sukarin yana cin bulon, kuma abin da aka kwashe ya haura tan ɗaya. Ba a yi kwanaki ba aka koma mannawa. Ka je ka gani, minti biyar sun isa, kada ka jingina, ka kuma duba ƙasan takalminka kafin ka shiga mota.

Abin da ya fi bangon ma'ana a ganina yana sama, daidai ƙarƙashin babban agogo: asusu na tagulla mai siffar alade, wanda suke kira Rachel. An kafa shi a 1986, nauyinsa ya kai kilo 250. Yara na hawansa, manya na hoto da shi, amma kaɗan ne ke tambayar inda kuɗin da ake jefawa ke zuwa. Suna tafiya ne ga hidimomin da ke cikin kasuwar kanta: wurin rainon yara, cibiyar tsofaffi, asibiti, da rumbun abinci na mabuƙata. Daga nan za ka gano abin da ba ya fitowa a hoto, cewa ɗaruruwan mutane, da yawansu masu ƙaramin ƙarfi, a benayen kasuwar suke zaune. Sai ka dubi daɓen da kake takawa, za ka ga sunayen mutane birjik a jikin tayil. Waɗanda suka ba da gudummawa ne a shekarun 1980 lokacin da daɓen ya lalace ba kuɗin gyara. A bakin titi kuma akwai alamun kiɗa da aka zana da fenti a ƙasa, su ne wuraren da aka yarje wa makaɗa su tsaya, kowa ya yi ɗan lokacinsa ya ba wani. Masu kifin nan da suka yi suna wajen cilla ƙaton kifi daga gaban rumfa zuwa bayan kanta suna ihu, su ma gajarta zirga-zirga ce ta fara kawo abin, kafin ya zama wasan da ke tara jama'a.

Duk wannan da tuni babu shi. A shekarun 1960 an shirya rushe kasuwar a gina otal da benaye da wurin ajiye motoci. Wani masanin zanen gine-gine, Victor Steinbrueck, ya jagoranci masu adawa, aka kai maganar gaban jama'a, kuma a 1971 mutanen birnin suka jefa ƙuri'ar a bar ta. A wannan shekarar ce Faris ta fara rushe rumfunan ƙarfe na kasuwarta ta Les Halles, abin da Faransawa da yawa ke cizon yatsa a kai har yau. Dogon layin da za ka gani a ƙofar shagon shan kofi na kamfanin Starbucks da ke kasuwar kuwa, ban ga dalilin shigarsa ba. Gaskiya ne kamfanin a unguwar ya fara a 1971, amma a wani gini dabam da ke titin Western, daga baya ya dawo inda yake yanzu, kuma kofin da za a zuba maka shi ne na ko'ina.

Kada ka ɗauka liƙa abu a bango wata sabuwar ɗabi'a ce ta Amurkawa. A Alƙahira, in ka bar kasuwar Khan al-Khalili ka miƙe titin Mu'izz ka yi kudu, za ka isa Bab Zuwaila, ɗaya daga ƙofofin birnin Faɗimiyyawa, wadda aka gina a 1092. Shekaru aru-aru talakawan birnin suna danganta ƙofar da wani waliyyi da suke kira Mutawalli, sai mai ciwon haƙori ya cusa haƙorinsa da aka cire a tsagin ƙyaure, wani ya buga ƙusa, wani ya ɗaura tsumma ko gashi, duk don neman waraka. Camfin ya ja baya, amma manyan ƙyamaren suna nan. A wannan ƙofar ce Daular Usmaniyya ta Turkawa ta rataye Tuman Bay, sarki na ƙarshe na daular Mamluk da ta mulki Masar, a 1517, kuma dalilin zaɓen wurin a fili yake: inda kasuwa take, nan idon jama'a yake. Hasumiyoyi biyu da ke kan ƙofar na masallacin Mu'ayyad ne da ke maƙwabtaka da ita, ana hawansu, matakalar ƙunci gare ta amma daga sama za ka ga yadda titin ya ratsa tsohon birni. In ka sauko ka tsallaka, sai ka faɗa rufaffen layin masu ɗinkin tanti, inda har yanzu ake ɗinka zane kan zane da allura da hannu.

Yanzu ga inda na fi so ka ba da hankali, don da shi za ka yi aiki a kowane tsohon gari. Kowace kasuwa ta yi fama da mutum biyu: mai tauye awo, da wanda ya ci bashi ya kasa biya. Hukumomi sun magance su a bainar jama'a, kuma maganin a dutse ko ƙarfe aka yi shi, shi ya sa ya wanzu.

A Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya akwai ginshiƙin Orlando, mutum-mutumin jarumi riƙe da takobi, wanda aka kafa a 1418. Baƙi na ɗaukarsa hoto su wuce, ba su san cewa hannunsa daga gwiwa zuwa yatsa shi ne kamun da aka yarda da shi a garin ba, kimanin santimita 51. Kusa da shi, a tsohon gidan kwastan na Sponza, an sassaƙa rubutun Latin a saman inda ake rataye sikeli, ma'anarsa ita ce ma'auninsu ba ya cuta kuma ba a cutarsa, kuma yayin da ɗan kasuwa ke auna kaya Allah na auna shi. A Biyana ta Ostiriya, a hagun babbar ƙofar majami'ar Stephan, akwai sanduna biyu na ƙarfe a manne da bango, kamun yadi ne, wanda ya sayi yadi yana shakka sai ya zo ya gwada. A Padua ta Italiya, a jikin ginin Palazzo della Ragione da ke tsakanin filayen kasuwa biyu, an sassaƙa girman tubali da na kwanon rufi na yumɓu da mudun hatsi da kamun yadi tun ƙarni na 13. A kasuwar kifi ta Rialto a birnin Venis, shi ma na Italiya, akwai allon marmara da ya jera sunayen kifaye da ƙaramin tsawon da doka ta yarda a sayar da kowanne, don kada a kwashe 'ya'yan kifi tun ba su hayayyafa ba. Ba wanda zai nuna maka waɗannan, ba a sayar da tikitinsu, kuma kullum masu kaya na jingina buhuna a jikinsu.

Maganar bashi ta fi tsanani. A Florence ta Italiya akwai rumfar dutse ta Mercato Nuovo, ginin tsakiyar ƙarni na 16. Abin da kowa ke zuwa gani shi ne aladen daji na tagulla da ke gefenta, wanda hancinsa ya yi ƙyalli saboda shafa. Ana sa masa sulalla a baki a sake ta, in ta faɗa ramin da ke ƙasa wai an yi sa'a. Wanda ake shafawar ma kwafi ne, na asalin da Pietro Tacca ya ƙera yana gidan tarihi na Bardini. Taku kaɗan daga nan, a tsakiyar rumfar, akwai wani da'irar marmara a daɓe mai siffar ƙafar keken shanu. A zamanin da, a kansa ake kawo ɗan kasuwar da ya karye ya kasa biyan mutane, a tuɓe masa wando a buga mazaunansa a kan dutsen a gaban abokan sana'arsa. A Padua ma akwai irin dutsen a cikin babban zauren shari'a, a da wanda bashi ya ci zai zauna a kai da 'yar shara ya furta cewa ya sallama dukiyarsa. A gaban cocin San Giacomo a Rialto kuwa akwai mutum-mutumin wani durƙusasshe ɗauke da matakala a bayansa. A wancan zamanin daga kan matakalar mai shela ke karanta dokoki, kuma nan ne ƙarshen tseren da ake sa ɓarawo ya yi tun daga dandalin San Marco, jama'a na zabga masa bulala a hanya. Ka ga bambanci: aladen kowa ya san shi kuma bai gaya maka komai game da garin ba, dutsen da ake takawa ba a lura ba shi ne ya nuna maka yadda birnin attajirai ya ɗauki amana.

Sai sama da ƙasa. Fili a tsakiyar kasuwa tsada gare shi, don haka duk abin da ba haja ba ne ana tura shi bene ko a binne shi. Santambul ce makarantar wannan darasi. Rufaffiyar kasuwarta, wadda aka fara ginawa zamanin Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu jim kaɗan bayan cin birnin a 1453, tana da tituna sama da 60 da shaguna kusan 4,000, kuma babban layinta na masu zinariya shi ne mafi ƙarancin abin mamaki a cikinta. Abin kallon yana cikin tsofaffin masaukan fatake da ke kewaye da ita, gidaje masu tsakar gida da bene, ƙasa dabbobi da kaya, sama ɗakunan baƙi. Yau maƙera azurfa da masu gyaran darduma ne a ɗakunan. Mafi girmansu, Büyük Valide Han, na 1651 ne, kuma a tsakar gidansa akwai ƙaramin masallaci na 'yan kasuwar Iran da suka daɗe suna sauka a wurin. Ƙofofin waɗannan masaukai ba su da ado, za ka wuce su sau goma. Dabarar ita ce ka bi mai raba shayi. Za ka gan shi da tire mai marataya yana ratsa jama'a da sauri, kuma inda ya shige, akwai masu aiki a ciki. Haka ma 'yan dako: in ka bi hanyar da suka fito, za ta kai ka inda kaya ke shigowa, can ne kasuwar take da fuskarta ta gaskiya.

Kusa da kasuwar kayan ƙamshi ta birnin akwai masallacin Rustam Pasha, aikin shahararren magini Mimar Sinan na shekarun 1560. Kana iya tsayawa a gindinsa ba ka san yana nan ba, don a saman shaguna aka ɗora shi, hayar shagunan ce aka tsara ta riƙe shi, kuma ta wata 'yar matakala mai duhu ake hawa. In ka hau sai ka tarar da bango lulluɓe da tayil ɗin garin Iznik shuɗi da ja, irin da ba kasafai ake ganin yawansa a wuri ɗaya ba. A wajen kasuwar ƙamshin kuma, wajen masu tsuntsaye da irin shuka, za ka ga manyan goruna cike da ruwa da matsattsaku na iyo a ciki, ana sayar da su ga masu neman a zuƙe musu jini don magani.

Ƙasa ma haka. A Baselona ta Sifen, da aka zo mayar da tsohuwar kasuwar ƙarfe ta El Born ɗakin karatu a farkon shekarun 2000, sai aka tono tituna da gidaje na unguwar da aka rushe bayan yaƙin da aka ci birnin a 1714. Aka fasa ɗakin karatun, aka bar kufan a buɗe ƙarƙashin rufin kasuwar, yanzu daga kan baranda ake kallonsa. A Landan, kasuwar Leadenhall tana zaune ne a kan dandalin birnin na zamanin Rumawa, kuma guntun ginshiƙin babban zaurensu yana ɗakin ƙasa na wani shago a gefenta. Mutanen kasuwar kuwa sun fi son ba da labarin wani dinya mai suna Old Tom, wanda ya tsere wa wuƙar mahauta, ya zama ɗan gida ana ciyar da shi, har da ya mutu a 1835 aka binne shi a kasuwar.

Lokacin zuwa yana sauya abin da za ka gani. Dutsen nan na Florence, da rana rumfunan masu jakunkunan fata sun rufe shi, sai da yamma in an kwashe kaya yake bayyana. Kasuwar Maeklong ta ƙasar Tailan, kudu maso yammacin Bankok, a kan layin dogo take ci, kayan lambu da kifi har bakin ƙarfen. Sau takwas a yini jirgi ke ratsawa. In an yi gargaɗi sai masu rumfa su naɗe inuwarsu, su ja teburan da ke kan taya baya, su bar ƙananan tire a ƙasa don sun san daidai tsayin da jirgin zai bi ta kansu bai taɓa ba. Yana wucewa a mayar da komai. In ka je tsakanin jirgi da jirgi, kasuwar ƙauye kawai za ka gani, don haka ka nemi jadawalin tun daga masauki, kuma in an ce ka koma bayan layin da aka ja, ka koma. A ƙa'ida, ka yi sammako in aikin kasuwa kake son gani, ka dawo bayan an tashi in ginin kake so. Tsakar rana ta masu saye ce da 'yan sane.

Game da labaran da za a ba ka, ka saurara, ka ji daɗinsu, amma kada ka haɗiye duka. A bangon majami'ar nan ta Biyana akwai wani zagayayyen gurbi kusa da sandunan awo, kuma kusan kowane ɗan jagora zai ce maka ma'aunin burodi ne. Masana sun ce gogar ƙugiyar wata tsohuwar ƙofar ƙarfe ce. A Krakow ta Folan, wata wuƙar ƙarfe na rataye a mashigar tsohuwar kasuwar yadi da ke tsakiyar dandali. Za a ce maka da ita wani magini ya kashe ɗan'uwansa saboda hassada kan hasumiyoyin cocin dandalin da suke ginawa, alhali bayanin da ya fi kama hankali shi ne gargaɗi ce ga ɓarayi kan hukuncin da ke jiransu. Kakakin da ake busawa kowace sa'a daga hasumiyar cocin dandalin, wanda ke yankewa a tsakiya, ana danganta shi da mai gadin da kibiyar maharan Tatar ta sama a maƙogwaro a 1241, amma labarin bai bayyana a rubuce ba sai ƙarni na 20. Awon da nake yi mai sauƙi ne: in labari ya cika daɗi, da kisa da soyayya da hassada, ina neman bayani na biyu mai alaƙa da haraji ko awo ko gyaran gini, kuma galibi shi ke fitowa gaskiya.

Akwai kuma abin da kai kake gani abin mamaki, mai shi kuwa addininsa ne ko abincinsa. A La Paz ta Bolibiya, a layin da baƙi ke kira kasuwar bokaye, ana rataye busassun 'yan tayin dabbar lama. Mutanen Aymara na binne su a harsashin sabon gini, hadaya ga abin bautarsu na ƙasa da suke kira Pachamama. Ba sai ka yarda da abin ba, amma dariya da nuni da yatsa a gaban mai rumfa rashin tarbiyya ne, kuma da yawansu ba sa son hoto. Ka nemi izini, in an hana ka bari. A dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh ta Maroko, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun baka na duniya a 2001, abin ya juya: gardawa masu macizai da masu ruwa sanye da jajayen kaya hoton ne sana'arsu, kuma ɗaga wayarka kawai ya zama ciniki. Ku yi tsada tukuna. Birai da ake ja da sarƙa a ɗora wa baƙo a kafaɗa kuwa, ni ba na ba da ko sisi, don irinsu na cikin haɗarin ƙarewa kuma kuɗin hoton ne ke sa a ci gaba da kamo su daga daji. Abin da ya sa aka karrama dandalin shi ne da'irar masu ba da hikaya da makaɗa da ke haɗuwa da dare, ko ba ka jin harshen ka tsaya ka kalli fuskokin masu sauraro.

Ka tuna kuma kasuwa wurin neman abinci ne. Mai rumfar da mutum talatin suka tare masa gaba suna hoto, ba wanda ya sayi komai, asara ya yi. Abin ya kai ga a 2015 hukumar Baselona ta hana ayarin 'yan yawon buɗe ido da ya wuce mutum 15 shiga kasuwar Boqueria a lokutan cunkoso na Juma'a da Asabar. Ka sayi wani ɗan abu, ko 'ya'yan itace ne, sannan ka yi tambayarka. Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya: tsohon da ke gyaran takalmi ko mai shara ya fi mai sayar da tsaraba sanin wurin, kuma ba shi da shagon ɗan'uwa da zai ja ka zuwa. Tambayar ma a iya ta. In ka ce "mene ne abin kallo a nan?" za a nuna maka inda kowa ke zuwa. Ka ce "wane gini ne ya fi tsufa a nan?" ko "da can ina ake auna kaya?"

Kafin ka fita daga masauki ka tabbatar da abu biyu. Na farko ranar hutu: rufaffiyar kasuwar Santambul ba ta buɗewa ranar Lahadi da ranakun idi, masu kifin Rialto ba sa fitowa Lahadi da Litinin. Na biyu, ko kasuwar tana nan inda sunanta yake. Manyan birane da yawa sun kwashe cinikin sari sun kai bayan gari, suka bar ginin ga masu abinci da tsaraba. Faris ta mayar da nata zuwa Rungis a 1969, Landan ta kwashe kasuwar Covent Garden zuwa Nine Elms a 1974, Tokyo ta ɗauke kasuwar kifi ta Tsukiji zuwa Toyosu a Oktoban 2018. Wannan ba ya nufin tsohon wurin ya zama fanko. A Tsukiji layukan waje na masu wuƙaƙe da busasshen kifi suna nan suna ci, kuma a ƙarshensu akwai ɗan wurin bauta na Namiyoke, inda ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka kafa duwatsun tunawa da abin da suke sayarwa: akwai na jatan lande, akwai na kifi, akwai wani mai siffar ƙwai da masu sana'ar ƙwai suka kafa. Amma in gwanjon manyan kifayen tuna na asuba kake son gani, sai ka tafi Toyosu, inda ake kallo ta bayan gilashi, kuma wurin tsayuwa na kusa sai wanda ya nema ta intanet tun makonni kafin tafiya aka yi ƙuri'a ta faɗa kansa.